Allura Ba Ruwa: Tarihin Wata Hanyar Jiyyar Ciwon Tsoka

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti aka yi masa allura ya ji sauƙi, ba ya shakkar abin da ya warkar da shi. Ruwan da ke cikin sirinji shi ne magani, ita kuwa allura 'yar aike ce kurum, aikinta ta huda fata, ta isar da saƙo, ta fita. Haka likitocin Turai da Amurka su ma suka ɗauka shekara da shekaru. Amma daga wajen 1941 waɗansu daga cikinsu suka fara lura da wani abu mai ɗaure kai. Idan mutum yana fama da ciwon tsoka, aka soka masa allura daidai inda ciwon ya yi sheƙa, sau da yawa yakan sami sauƙi ko da ba a ɗura masa kome ba. Daga nan aka sami hanyar jiyya da Turawa ke kira busasshiyar allura, watau allura ba ruwa, wadda a yau ake yi a asibitoci da ɗakunan gashin ƙashi da sansanonin 'yan wasa a ƙasashe da dama.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya, kuma babu wata lalura da ta kai shi naƙasa mutane da hana su neman abinci. Manomi ya san shi, ɗan dako ya san shi, haka direban babbar mota da akawun da ke wuni a kan kujera. Ƙwayoyin kashe zafi da ake sha dominsa, waɗansu suna ɓata ciki da ƙoda in an daɗe ana sha, waɗansu kuma, dangin ofiyom, suna kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da su. Saboda haka duk hanyar da za ta rage ciwo ba tare da ƙwaya ba abar so ce, in dai an tabbatar tana aiki. Ƙoƙarin tabbatarwar nan shi ne ya cinye mafi yawan tarihin wannan allura.

Ƙulli a cikin nama

Kafin a zo ga allura, sai da aka fara gano abin da za a soka. A 1816 wani likitan birnin Edinbara mai suna William Balfour ya rubuta cewa idan aka lalubi naman masu kukan sanyin jiki, akan ji waɗansu 'yan gudaje masu tauri, waɗanda in an danna su zafi yakan harba zuwa sassan da ke kusa. A 1843 wani Bajamushe, Robert Froriep, ya ba su suna da ke nufin kantar tsoka, domin ya ji su kamar kantar da ke fitowa a tafin hannun ma'aikaci. Sa'an nan a 1904 Sir William Gowers, babban likitan jijiya a Landan, ya yi lacca a kan ciwon ƙugu, ya ce asalinsa kumburi ne a cikin zaren da ke ɗaure tsoka, ya kuma raɗa wa cutar suna bisa wannan zato. Sunan ya karɓu, ya daɗe ƙwarai a bakin likitoci. Sai dai idan aka yanko ɗan nama daga wurin aka duba shi a madubin likita, ba a cika ganin kumburin da aka ce akwai ba. Yatsan likita yana jin abu, mara lafiya yana zabura in an taɓa, madubi kuwa ba ya nuna kome. Wannan saɓani tsakanin yatsa da ido ya bi maganar har zuwa zamanin nan.

Zuwan allura na farko

Mutanen Sin sun fi kowa daɗewa da soka allura don magani. Tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, wanda aka tattara kimanin shekara 2,000 da suka wuce, ya koyar cewa akwai wani ƙarfi na rai da ke gudana a jiki ta waɗansu hanyoyi 12, kuma cuta tana zuwa ne idan gudanar ta toshe, allura kuwa takan buɗe ta. Amma ko a cikinsu akwai wata hanya mafi sauƙi. Likitan nan Sun Simiao, wanda ya rayu a ƙarni na 7, ya yi bayanin wuraren da ake kira "a shi". Mai magani yana bin jiki yana dannawa, in ya kai inda mara lafiya ya ce "a, nan ne!", to, nan zai yi aikinsa, ko wurin yana kan hanyoyin nan ko ba ya kai.

Labarin ya isa Turai ta hannun Willem ten Rhijne, likitan kamfanin ciniki na Holan wanda ya zauna a Jafan, ya buga littafi a kai a Landan a 1683. An yi fiye da shekara 100 ba a kula ba, sa'an nan yayinta ya taso. A 1816 Louis Berlioz, mahaifin shahararren makaɗin nan na Faransa, ya ba da rahoton marasa lafiyar da ya soka wa allura, a 1821 kuma James Churchill ya buga nasa a Landan. Waɗannan ba ruwansu da hanyoyin 12, inda ke ciwo nan suke soki. Har a 1892 William Osler, wanda likitocin zamaninsa ke yi wa kallon uba, ya rubuta a babban littafinsa cewa a soka allura mai tsawon inci 3 zuwa 4 a naman ƙugu, a bar ta minti 5 zuwa 10, ya ce ko allurar da mata ke kafe hula da ita ta isa in an tsabtace ta. Marubucin tarihin rayuwarsa, Harvey Cushing, ya ba da labarin yadda Osler ya taɓa gwada wannan a kan wani attajirin sukari na Montiriyal, wanda jami'a ke sa ran samun gudummawa daga gare shi. Ana soka masa sai ya tashi yana zage-zage, ya fita yana ɗingishi da ciwonsa. Da yake babu wanda ya iya bayyana dalilin da zai sa allura ta yi magani, sannu a hankali aka bar ta.

Ruwan gishiri a Landan

A wannan tsakani wata allurar dabam ta shigo, mai rami a ciki. A 1853 Alexander Wood a Edinbara da Charles Pravaz a Faransa, kowa a nasa wuri, suka haɗa ta da sirinji. A 1905 aka fito da maganin da ke kashe wuri na ɗan lokaci, wanda Bajamushe Alfred Einhorn ya haɗa, aka sayar da shi da sunan Novocain. Daga nan likita ya sami ikon kashe zafi a daidai wurin da ya ga dama.

Wanda ya fi kowa amfani da wannan dama shi ne wani saurayin likita, J. H. Kellgren, wanda ke aiki ƙarƙashin Sir Thomas Lewis a asibitin Kwalejin Jami'a ta Landan. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ciwon zuciya yakan bayyana a hannun hagu. Kellgren ya so ya ga ko tsoka ma tana aika ciwonta wani wuri. Ya haɗa ruwan gishiri mai ƙarfi, kashi 6 cikin 100, ya riƙa ɗura 'yan ɗigo a cikin tsokar kansa da ta abokan aikinsa, kowa yana nuna inda ya ji zafi. A 1938 ya buga abin da ya samu. In an ɗura a naman ƙeya, sai a ji ciwon kai. In an ɗura a naman ɗuwawu, zafi ya gangara cinya. Kowace tsoka tana da inda take aikawa, kuma wurin kusan ɗaya ne ga kowa. Da ya koma kan marasa lafiya, sai ya daina bin inda suke nunawa, ya riƙa neman tsokar da ke aiko da ciwon, ya ɗura mata Novocain. Abin mamaki, maganin da ƙarfinsa ke ƙarewa cikin kamar sa'a guda yakan kawo sauƙi na kwanaki ko makonni.

Allura ta tono garma

To, in ƙarfin magani ya ƙare amma sauƙi bai ƙare ba, mene ne ya yi aikin? A 1941 likitoci biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Ernest Brav da Henry Sigmond, suka gwada. Suka ɗauki mutum 62 masu ciwon baya, suka kasa su uku. Kashi na farko aka ɗura musu Novocain, na biyu ruwan gishiri mai sauƙi wanda ba ya maganin kome, na uku kuwa aka soka musu allura haka nan, ba a ɗura kome ba. Kashi na ukun an sa su ne kawai don a sami abin kwatantawa. Da aka duba sakamako, masu Novocain ne a gaba, amma da kaɗan, masu busasshiyar allura na biye da su kusa. Likitocin da kansu suka ce abin ya ba su mamaki, suka kuma yanke cewa allurar ita ce abin da kashi ukun suka yi tarayya a kai. A 1947 wani likitan Ingila, J. D. Paulett, ya yi amfani da kalmar busasshiyar allura a mujallar Lancet, kuma masu bin tarihin nan sun fi ɗaukar wannan a matsayin farkon fitowar sunan a rubuce.

Likitar Shugaba Kennedy

Wadda ta fi kowa yi wa wannan fanni hidima mace ce, Dokta Janet Travell, wadda aka haifa a Niyok a 1901, ta gama karatun likita a Jami'ar Cornell a 1926. Da fari a kan zuciya da magunguna take aiki. Ta lura cewa a sashen masu tarin fuka akwai masu kukan kafaɗa, ana cewa daga huhu ne, a sashen masu ciwon zuciya ma akwai su, ana cewa daga zuciya ne, alhali kuwa babu mai taɓa kafaɗar. Da ta fara lalube sai ta riƙa samun 'yan wurare masu zafi a cikin tsoka, waɗanda in ta danna sukan tayar da ainihin ciwon da mutum ke kuka da shi. Irin wurin nan shi ake kira kunamar ciwo, domin ya yi kama da kunamar bindiga: a nan ake taɓawa, can harsashi ke faɗawa. A 1942 ta buga rahotonta na farko tare da Seymour Rinzler da Myron Herman, a 1952 kuma ita da Rinzler suka fitar da zane-zanen da ke nuna inda tsokoki daban-daban ke aika ciwo, suka ambata cewa busasshiyar allura ma tana aiki. Ita dai ta fi son ɗura ɗan Novocain mai rauni, domin ya fi rage tsamin da ke biyo bayan sukar.

A 1955 wani ɗan majalisar dattijai, John Kennedy, ya zo wurinta yana dogara sanduna, bayan an yi masa aiki a baya har sau uku ba a dace ba. Ta riƙa yi masa allura a naman baya, ta gano ƙafarsa ta hagu ta ɗan gaza ta dama, ta sa aka ƙara wa takalminsa dunduniya, ta kuma ba shi shawarar zama a kujera mai lilo, wadda daga baya ta zama alamarsa a hotuna. Da ya zama shugaban ƙasa a 1961 ya naɗa ta likitarsa, ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan matsayi. Amma labarin yana da wani ɓangare. A cikin shekarar nan wani likitan fadar, George Burkley, ya damu da yawan allurar da ake yi wa shugaban, ya sa aka kirawo Dokta Hans Kraus. Kraus ya duba ya ce tsokokin baya da na ciki sun yi rauni ƙwarai, ya ɗora shi a kan motsa jiki a kai a kai, aka rage allura, bayan kuwa ya ƙara ƙarfi. Tun a lokacin aka ga cewa allura takan kwance ciwo, amma ba ta gina tsoka.

A 1963 Travell ta yi lacca a makarantar likitocin sojan sama a Teksas. Cikin masu sauraro akwai David Simons, wanda a watan Agusta na 1957 ya hau balan-balan shi kaɗai ya haura ƙafa 100,000, watau kimanin kilomita 31, ya yi sa'a 32 a sama don a ga ko ɗan Adam zai iya rayuwa a bakin sararin samaniya. Laccar ta kama shi, har daga baya ya mai da rayuwarsa ga wannan bincike. Su biyu suka rubuta babban littafi a kan kunamun ciwo, juzu'i na farko ya fito a 1983, lokacin Travell ta haura shekara 80, na biyu a 1992. Ta rasu a 1997, shi kuma a 2010.

Haɗuwar koguna biyu

Duk wannan aiki da allura mai rami aka yi shi, kuma masu yinsa ba daga Sin suka koyo ba. A watan Yuli na 1971 wani babban ɗan jaridar New York Times, James Reston, ya kamu da ciwon afendis a birnin Bejin. An yi masa aiki da maganin kashe wuri irin na asibiti, amma da ciki ya dame shi bayan aikin sai aka soka masa allurar Sin, ya ji sauƙi, ya rubuta wa jaridarsa. Shugaba Nixon ya ziyarci Sin a 1972, allurar Sin ta zama abin zance a Amurka da Turai. Afirka ma ta gan ta, gama ayarin likitocin Sin na farko ya sauka Aljeriya a 1963, waɗansu kuma suka biyo baya zuwa Sudan da Kamaru da Nijar a shekarun 1970. Da haka siririyar allura marar rami, wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba, ta shiga hannun likitocin tsoka.

A 1979 Karel Lewit, likitan jijiya a birnin Firag na Cekosulobakiya ta lokacin, ya buga rahoto a mujallar Pain a kan mutum 241 da ya soka wa busasshiyar allura a wurare 312. Ya ce a kashi 86.8 cikin 100 zafi ya ɗauke nan take, kuma nasara ta dogara ga dacewa da ainihin wurin da ya fi zafi. Ya lura cewa siririyar allurar Sin ta fi rashin haɗari, ba ta cika fid da jini ba. Rahoton bai da kashin kwatanci, amma shi ya buɗe ƙofa. A 1980 Chan Gunn, likitan hukumar biyan diyyar ma'aikata a Bankuba ta Kanada, ya gwada a kan ma'aikata 56 masu daɗaɗɗen ciwon baya, waɗanda aka ƙara wa allura suka fi komawa bakin aiki. Shi a ganinsa asalin matsalar yana ga jijiyar da ke fitowa daga ƙashin baya. A Ingila Peter Baldry, saboda tsoron huda huhu, ya koma soka allura sama-sama, milimita 5 zuwa 10 kawai, ya ce yana samun biyan bukata. A 1994 Chang-Zern Hong ya kwatanta allura mai magani da marar magani a naman kafaɗa, ya ga duka biyu suna aiki muddin tsokar ta zabura lokacin sukar. Bambancin shi ne duk waɗanda aka yi wa busasshiya sun yi tsamin nama bayan haka, a ɗaya kashin kuwa 42 cikin 100 ne.

Yaya take aiki?

Bayanin da Simons ya tsara shi ne mafi shahara. A mahaɗar jijiya da tsoka, jijiya takan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, shi ke umartar tsoka ta tsuke. Idan tsoka ta sha wahala, ko ta daɗe a yanayi ɗaya, sinadarin yakan yi ta ɗiga fiye da kima, 'yan zaren wurin su tsuke su ƙi saki. Tsukewar ta matse ƙananan hanyoyin jini, iskar oksijin ta ragu, alhali tsoka tana bukatar ƙarfi kafin ta saki kanta. Sai wurin ya cika da sinadaran da ke tsokanar jijiyoyin jin zafi. Allura, a wannan bayani, tana katse wannan zagaye. A 2005 Jay Shah da abokan aikinsa a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka zuƙo ruwa daga irin waɗannan wurare, suka same shi ya fi tsami, ya kuma fi yawan sinadaran zafi, ko da yake mutum 9 kawai suka auna.

Akwai kuma bayanin da ya dubi laka da ƙwaƙwalwa. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa saƙon zafi yana bi ta wata irin ƙofa a cikin laka, kuma wani saƙon dabam yana iya tura ƙofar ta rufe, shi ya sa wanda ya buge gwiwa yakan murza ta ya ji dama. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz a Abadin ta Sikotilan suka gano cewa jiki yana yin nasa sinadarin kashe zafi mai kama da ofiyom. Idan ta wannan hanya allura ke aiki, to, ba lalle ne sai ta dace da wani ƙulli ba.

Masu ja da maganar

Nan ne gardama ta yi zafi. A 1992 Frederick Wolfe ya shirya gwaji wanda Simons ma yana ciki. Aka kawo ƙwararrun masu neman kunamar ciwo, aka ba su mutane su lalube ba tare da an gaya musu wane ne mai ciwo wane ne lafiyayye ba. Sai suka riƙa samun tsukakken zare da zaburar tsoka a jikin lafiyayyu kamar yadda suke samu a jikin marasa lafiya. A 1997 Robert Gerwin ya nuna cewa in masu lalube sun yi horo tare, bakinsu yakan fi zuwa ɗaya. Duk da haka a 2015 John Quintner da Geoffrey Bove da Milton Cohen suka rubuta a mujallar Rheumatology cewa ciwon gaskiya ne, amma ba a kawo hujjar cewa daga wani ƙulli a tsoka yake tasowa ba, mai yiwuwa jijiyoyi ne suka zama masu saurin jin zafi.

Wahala ta biyu ita ce gwajin allura da allurar jabu, domin ko jabun sai ta taɓa fata. A 2001 Mike Cummings da Adrian White suka tattara gwaje-gwaje 23, suka ga abin da aka ɗura ba shi ne ke kawo sauƙi ba, amma ba a nuna cewa allurar ta fi jabu ba, ba a kuma nuna akasin haka ba. A Jamus aka yi babban gwaji a kan allurar Sin da mutum 1,162 masu ciwon baya, aka buga shi a 2007. Bayan wata 6, kashi 47.6 cikin 100 na waɗanda aka soka a wuraren gargajiya sun sami sauƙi, na waɗanda aka soka sama-sama a wuraren da ba na gargajiya ba 44.2, na masu jiyyar da aka saba kuwa 27.4. Magoya baya suka ce ga shi allura ta ninka jiyyar asibiti kusan sau biyu, masu suka kuma suka ce ga shi ta gaskiya da ta jabu duk ɗaya. A 2017 Eric Gattie da abokansa suka haɗa gwaje-gwaje 13 na busasshiyar allura, suka ga ta fi rashin jiyya da jabu wajen rage zafi har zuwa mako 12, amma hujjar ba ta da ƙarfi sosai, kuma ba a nuna amfani mai ɗorewa ba.

Haɗari da rigimar mai riƙe allura

Ƙananan lahani suna da yawa, manya kuwa ba a cika samu ba. A wani bincike da aka buga a 2014, ma'aikatan gashin ƙashi 39 a ƙasar Ailan sun lissafa jiyya 7,629, aka sami ƙaramin lahani a kusan ɗaya cikin biyar, galibi taruwar jini a ƙarƙashin fata ko ɗan zubar jini ko zafi, ba a sami babba ko ɗaya ba. Babban abin tsoro shi ne allura ta zarce tsakanin haƙarƙari ko saman kafaɗa ta huda tantanin huhu, iska ta shiga, huhun ya lotse. Alamarsa ita ce ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi da busasshen tari bayan jiyya, kuma wanda ya ji haka asibiti ya kamata ya nufa nan da nan. Ɗaya haɗarin shi ne allurar da aka soka wa wani. A 1977 fiye da mutum 30 sun kamu da ciwon hanta a Birmingham ta Ingila ta hanyar allurar Sin da ba a tsabtace ba. A 1996 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta cewa allurar ta zo a tsabtace, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar.

A Amurka rigima ta ɓarke tsakanin ƙungiyoyi biyu. Masu allurar Sin suka ce wannan sana'arsu ce aka sake wa suna, gama wuraren "a shi" su ne kunamun ciwo, kuma su sukan yi shekara 3 ko 4 suna koyo, wasu kuwa su yi kwas na 'yan kwanaki su fara soki. Sun kafa hujja da binciken Melzack na 1977 da ya ce kashi 71 cikin 100 na wuraren biyu sun dace da juna, lissafin da waɗansu masana suka musanta daga baya. Ma'aikatan gashin ƙashi suka amsa cewa sun yi shekaru suna karatun ƙirar jiki, kuma hanyarsu daga Kellgren da Travell ta fito. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce aikin huda jiki ne, sai mai cikakken horo ya kamata ya yi shi. A jihar Karolina ta Arewa maganar ta kai har kotun ƙoli ta jihar, wadda a 2018 ta ba ma'aikatan gashin ƙashi gaskiya. Har yanzu kowace jiha da tata doka.

Hukumomin lafiya ma ba su tsaya a magana ɗaya ba. Hukumar NICE ta Ingila ta ce a 2016 kada a ba masu ciwon baya allurar Sin, sa'an nan a 2021 ta yarda a gwada zango ɗaya na allura, ta Sin ko busasshiya, ga masu daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta a bayansa ba. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko a kan daɗaɗɗen ciwon baya. Ta sa jiyyar allura cikin abubuwan da za a iya bayarwa, bisa sharaɗi, tana mai cewa hujjar tana da rauni, ta jera ta tare da motsa jiki da tausa da koya wa mara lafiya yadda zai kula da kansa, ta kuma yi gargaɗi a kan ƙwayoyi dangin ofiyom. Watau fiye da shekara 80 bayan gwajin Filadelfiya, matsayin da aka ba allura ba ruwa shi ne na mataimakiya, wadda takan sassauta ciwo na 'yan makonni don mutum ya sami damar motsa jikinsa, da sharaɗin ta fito daga sabuwar leda, kuma mai riƙe da ita ya san abin da ke kwance a ƙarƙashin inda yake sokawa.